Ni Ne Idon Kawu

Duk wanda ya san tashar Ƙanƙara a shekarun 1980 ya san ba a jiran gari ya waye. Tun kafin kiran assalatu ake fara jan buhuna, 'yan kamasho na kiran Funtuwa da Malumfashi, mai shayi na hura wuta, mu kuma yaran mota muna saman kaya muna ɗaurin igiya da hannuwan da sanyi ya ƙandare. Ina da shekara 14 mahaifiyata ta kai ni wurin yayanta, ta ce, "Yaya, ga ɗanka nan. Duk hutun makaranta ya riƙa bin ka, ya fi masa gararamba a gari." Ran nan na karɓi tsumma da bokiti da waigi, na zama yaron mota.

Motar Kawu a-kori-kura ce, Fijo 404 mai buɗaɗɗen baya, cikin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun daga 1975. Giyarta a wuyan sitiyari take. Hanyarmu kusan ɗaya ce kullum: mu tashi Ƙanƙara mu faɗa Sheme a ƙasar Faskari, mu bi ta Mairuwa mu shiga Funtuwa, in ranar kasuwa ce mu zarce Ɗandume, wani lokaci har Sabuwa, can bakin iyakar Birnin Gwari. Da kaka mu yi ta jigilar masara da dawa da auduga. Sauran lokuta kuwa mutane, awaki, gishiri, kananzir, duk abin da Allah ya kawo.

Kawu tsohon hannu ne. Ya fara riƙe sitiyari tun ana bin hannun hagu, kuma ba ya gajiya da ba da labarin ranar canjin hannu, 2 ga Afrilu 1972, yadda direbobi da dama suka jingine motocinsu don fargaba, shi kuwa ya yi alwala ya kama hanyar Funtuwa ya dawo lami lafiya. Shekara ashirin da ɗoriya yana kan titi bai taɓa take ko kaza ba. Dogo ne, kullum cikin farar riga tas, ga carbi rataye a jikin madubi. Mata masu goyo da tsofaffi sukan ƙi shiga motar da ke kan layi, su zauna jiran tasa. Ganinsa kaɗai kan kwantar wa fasinja hankali.

A tashar akwai wani direban da ganinsa ke tayar da hankalin fasinja. Shan inna ya shanye masa ƙafar hagu tun yana ƙarami, da sanda yake dogarawa, kowa Gurgu yake ce masa. Wani mai walda a Funtuwa ya haɗa masa sandar ƙarfe daga kuloci ta taso har gefen kujera, da hannu yake danna ta in zai sauya giya. Ƙafar damansa lafiya lau, ita ke taka birki da totur. Amma mutane ba sa ganin wannan duka. Sandar dogarawa suke gani.

Ba na manta wata safiya a 1986. Wata Hajiya ta riga ta biya kuɗi, an ɗaure mata kwanuka da buhun gero a motar Gurgu. Tana ganinsa ya taso daga wurin mai shayi yana jan ƙafa, sai ta dafe ƙirji ta ce, "Wannan ne zai ja mu? La'ilaha illallahu! A sauke mini kayana, ban yi sallama da 'ya'yana ba." Gurgu bai ce uffan ba. Da kansa ya kwance igiyar, ya mayar mata da kuɗinta. Ni na ɗauki kayan a kaina na kai su motar Kawu, tana bina tana sa mini albarka. Ina ɗaure kayan gabana na faɗuwa, domin na san Hajiya ta baro mai ido biyu ta shigo motar wanda da ƙyar yake bambance mutum da kututture.

Abin a hankali ya faro. Da farko sai Kawu ya yawaita cewa, "Ɗan nan, goge gilashin nan, ya yi hazo." In goge. Ba mu kai Sheme ba zai sake cewa in goge, alhali gilashin na ƙyalli. Sai na lura in fasinja ya miƙo kuɗi yakan kai takardar dab da hanci kafin ya gane Murtala ce ko naira goma, daga baya ma ya bar mini karɓar kuɗin ɗungurungum. In dare ya yi mota ta taho ta haske mu, sai ya rage wuta ya ratse gefe yana salati har ta wuce. Ya sa tozali iri-iri, ya sha rubutu, ya wanke ido da abin da aka ba shi. Farin da ke tsakiyar ƙwayar idonsa sai ƙaruwa yake.

Wata rana ya ce in bar hawa saman kaya, in dawo gaba kusa da shi. Ga duk mai tambaya yakan ce, "Hanya nake koya masa." Gaskiyar maganar ita ce ni nake karanta masa hanyar. Murya ƙasa-ƙasa nake yi, kamar ɗalibi na biya wa malami karatu: "Rami a dama, Kawu." "Shanu za su tsallaka." "Gada ta kusa." "Mai keke a gefe." Shi kuwa ya san kowace kwana da kowane gangare tsakanin Ƙanƙara da Sabuwa kamar yadda ya san tsakar gidansa, hannunsa bai taɓa rawa ba. Da ƙwaƙwalwarsa da idona muka yi ta jan rayukan mutane kusan shekara biyu.

Na taɓa gwada faɗa wa mahaifiyata. Ban rufe baki ba ta ce, "Kul! Kada in ƙara jin wannan magana a bakinka. Kai ne za ka ce yayana ba ya gani? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba." Sai da na girma na gane abin da ke bayan wannan tsawa. Kawu na da mata biyu da 'ya'ya 11, ga gidanmu da ya ɗauka tun rasuwar mahaifinmu. Motar nan ita ce gonarmu, ita ce rumbunmu. In aka ce ya ajiye makulli, wa zai auno hatsi? Kuma ba ita kaɗai ta sani ba. Abokan sana'arsa sun lura, masu faci sun lura, dattawan tasha sun lura. Kowa ya kawar da kai, wasu don kunya, wasu don tausayi. Ba wanda ya so ya zama shi ne ya tsaya gaban dattijo mai furfura ya ce masa kwanan tuƙinsa ya ƙare.

A watan Disamba na 1987, wata uku bayan an yanke jihar Katsina daga Kaduna, muka taso daga Ɗandume da lodin masara da fasinja shida. Ƙa'idar Kawu a lokacin ita ce ya shiga gida kafin magariba, amma taya ta yi mana faci a Funtuwa, muka ɓata lokaci. Hunturu ya kankama, hazo ya sauko har ƙasa. Muna barin Sheme almuru ta yi. Tun ƙarfe huɗu na asuba nake tsaye. Na tuna na ce, "Kwana a gaba, Kawu." Abu na gaba da na tuna shi ne ƙarar da ta farkar da ni, da motar da ta yi tsalle, da salatin mata a baya.

Kawu ya taka birki, ya juyo ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, me muka taka?"

Shekara kusan arba'in ke nan, tambayar nan ba ta bar kunnena ba. Bai gan shi ba ko kaɗan. Magidanci ne a kan keke, ya ɗauro damin dawa zai kai gida. Muka ɗora shi a kan buhunan masara, kansa a cinyata, muka nufi asibitin Ƙanƙara. Ina jin ɗumin jininsa na ratsa wandona. Kafin mu hango fitilun gari ya cika.

Waɗanda suka zo aune-aune sun duba takardu, suka tarar komai daidai. Sun taka birki, yana ci. Suka rubuta cewa akwai hazo, mai keke kuma ba shi da fitila. Duk wannan gaskiya ne. Amma ba wanda ya ɗaga yatsu daga nesa ya ce wa direba, nawa ne nan? 'Yan'uwan mamacin mutanen kirki ne. Da dattawan tasha suka je gaisuwa, yayansa ya ce, "Kwanansa ne ya ƙare. Mun yafe, ba ma son ko kwabo." Ya bar mace da yara huɗu. Na ga ƙaramin a bakin zaure yana wasa da ƙararrawar keken da aka mayar musu.

Kawu ya je wurin malaminsa ya tambayi hukunci. Ni na raka shi, domin a lokacin ko masallaci da dare sai an riƙe masa hannu. Malam ya faɗa masa abin da shari'a ta ɗora wa mai kisan kuskure: diyya, wadda magada suka yafe, da kaffarar azumin wata biyu a jere, wadda ba mai yafe masa. Sannan ya yi shiru, ya ce, "Alhaji, akwai sauran magana. Na ga yadda yaron nan ya jawo ka. Tsautsayi shi ne abin da ya same ka bayan ka yi iya yinka. Wanda ya san raƙuminsa a kwance yake, ya sake shi cikin kasuwa, ba zai kira abin da ya biyo baya tawakkali ba. Ka yi azumin, amma ka ajiye makullin." Wannan ne karo na farko da na ji wani ya faɗa wa Kawu gaskiya a gaban idonsa. Bai yi musu ba. Hawaye kawai na ga suna bin gemunsa. Ya yi azuminsa cur, ya ba wani hayar motar, dattawan tasha suka ba shi kujerar rubuta layi da kula da lodi. Abin da ake tsoro bai faru ba: tuwo ya ragu, amma ba mu kwana da yunwa ba. Ashe akwai mafita tun farko, ba a neme ta ba sai da aka binne mutum.

Hutun da ya biyo baya na koma bin Gurgu, domin shi kaɗai ya yarda ya ɗauke ni. A wurinsa na ga tuƙi. Kullum da asuba sai ya zagaya motar da sandarsa, ya ƙwanƙwasa kowace taya, ya duba ruwa da baƙin mai, ya sa ni in taka birki yana kallon fitilun baya. Ba ya tafiyar dare. In barci ya kama shi yakan ratse ƙarƙashin inuwa ya ce wa fasinja a yi haƙuri da shi minti goma. A lokacin ƙwayar a-ji-garau na yawo a tashoshi, direbobi masu ƙafa biyu na haɗiya da shayi don su yi sawu biyu a rana ɗaya. Shi ko goro bai cika ci ba. Na tambaye shi dalilin wannan taka-tsantsan, ya ce, "Yaro, in mai ƙafa biyu ya faɗa rami, a ce tsautsayi ne. In ni na goge ko bangon tasha, a ce dama gurgu ne. Ni ba ni da damar kuskure." Ya san iyakarsa, ya gina tuƙinsa a kanta. Har ya tsufa ya bar sana'ar, jinin kowa bai taɓa motarsa ba.

Tsakanin mutanen nan biyu na samu amsar tambayar da har yau ake jayayya a kanta: shin a bar wanda ake ganin kamar ba zai iya ba ya tuƙa mota? Matsalar tana cikin kalmar "kamar". Ido na yi mana kallon kitse ga rogo. Naƙasar da ke bayyane, mai ita ya san da ita, ya yi mata tanadi, jama'a ma na sa masa ido. Wadda ke kashe mutane ita ce ta ɓoye, wadda ke sanye da farar riga: ido da ya dushe, barcin da aka danne, ƙwayar da aka haɗiya, lasin da aka kawo wa mutum har gida bai taɓa zagaya fili da mota an gani ba.

Wata biyu bayan haɗarinmu, a Fabrairun 1988, gwamnatin Babangida ta kafa hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, Farfesa Wole Soyinka ya zama shugabanta na farko. A takarda, dokokinmu sun tsaya inda ya dace. Ba a ba wanda bai kai shekara 18 ba lasi. Ana son mai nema ya bi ta makarantar koyon tuƙi, a gwada hannunsa, a gwada idonsa. Akwai ma rukunin lasi na musamman, mai harafin J, domin masu naƙasa da ke tuƙa abin hawan da aka gyara musu. A Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta haramta nuna wa masu naƙasa wariya. Wato doka ba ta ce gurgu ya sauka ba, ba ta kuma ce mai furfura ya wuce ba gwaji. Cewa ta yi a auna. Duk wanda ya ga guragun Kano a kan baburansu masu ƙafa uku suna ratsa cunkoso ya san wannan hukunci daidai ne.

Sai dai takarda daban, titi daban. Alƙaluman hukumar kiyaye haɗurra na nuna fiye da mutum 5,000 ke mutuwa a titunan Najeriya duk shekara, ban da waɗanda ake binnewa a ƙauyuka ba a rubuta ba. A-ji-garau ta tafi, tiramol ya maye gurbinta. Maganin tari mai kodin sai da ya ci matasa ya ƙoshi kafin gwamnati ta hana shi a watan Mayun 2018. Yaron da ƙafarsa ba ta kai ƙasa ba yana kan babur da goyon mutum biyu, iyayensa na alfahari ya iya. Ga waya a kunne, ga hannu ɗaya a sitiyari.

A yankinmu kuma an samu wata sabuwar naƙasa da Kawu bai sani ba, wato tsoro. Tun da 'yan bindiga suka addabi Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, har aka kwashe ɗaruruwan ɗalibai daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disamban 2020, tuƙi ya sauya kama. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin jiha ta rufe wa motocin haya hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, hanyar da na yi gyangyaɗin nan a kanta. Direban yau ba ya iya yin abin da Gurgu ke yi, ya ratse inuwa ya runtsa. Gudu yake ya fita daji kafin rana ta faɗi, idonsa ɗaya a titi ɗaya a cikin duhuwa. In lafiyayye na shan wuya a irin wannan hanya, ina ga mai yana a ido ko mai maye a ka? Yanzu ne ma aka fi buƙatar a san wa ke riƙe da sitiyari.

Maganar ido ita ta fi ci mini rai, domin ita ta fi sauƙin magani. Binciken makanta da aka yi a faɗin Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa cikin mutum 100 da suka kai shekara 40, kimanin huɗu makafi ne, kuma yanar ido ce kan gaba, ita ke da kashi 43 cikin 100. Bayanta sai hawan jinin ido, wanda ke cin gani daga gefe ba ciwo ba ƙaiƙayi, har mutum ya daina ganin mai keke a kafaɗar titi shi bai sani ba. Shekarun nan kuwa su ne shekarun manyan direbobinmu, waɗanda muka fi amincewa da su. Ƙungiyar direbobi na karɓar kuɗin layi kullum a kowace tasha. Da za a ware wani abu a ciki a kawo mai duba ido sau ɗaya a shekara, a taimaka wa mai yana ya je a cire masa, a tanadar wa wanda ganinsa ba zai dawo ba wata kujera a tasha, da an raba dattawa da zaɓi tsakanin ciyar da iyali da kashe ɗan wani. Ba a ƙwace wa mutum makulli a bar shi hannu rabbana. In aka yi haka, ɓoyewa zai yi, kamar yadda muka ɓoye.

A 1991 wani abokin Kawu ya matsa masa muka je asibitin ido na ECWA a Kano, wanda ke aiki tun 1943, tun kafin Kawu ya san mene ne giya. Aikin bai kai tsawon tafiyar Ƙanƙara zuwa Funtuwa ba. Da aka kwance masa bandeji aka sa masa tabarau, ya daɗe yana kallona, ya ce, "Ɗan nan, ashe ka yi gemu." Muka yi dariya. Sai fuskarsa ta sauya, ya dubi hasken da ke shigowa ta taga ya ce, "Da nan na zo shekara biyar da suka wuce, da bawan Allahn nan yana gonarsa." Ganinsa ya dawo, abokai suka ce ya karɓi motarsa. Ya ce a'a. Har ya rasu, duk kaka sai ya aika buhun masara gidan marayun nan.

Yau ni ma na haura hamsin, ina da tabarau, ina da 'yar motata. Duk shekara nakan je a duba mini ido, ko ina jin garau. Ran da babban ɗana ya karɓi lasinsa, na zaunar da shi na ba shi labarin nan tun daga farko, har da gyangyaɗin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Na ce masa, "Duk ranar da ka ga ina goge gilashin da ba shi da datti, kada ka dawo kujerar gaba ka zama idona. Ka miƙo hannu ka karɓi makullin. Zan yi fushi, zan ce ka raina ni. Ka bar ni in yi fushin. Na yafe maka tun yau."